Iskar da Jibo Ya Sayar

Jibo taubashina ne, ɗan gwaggota, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin kuku a gidan wani Bature mai kula da harkar gona a nan Dogon Dutsi, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa. Ya iya miyar Nasara, ya iya goge cokali har ka ga haƙoranka a ciki, ya kuma tsinto Faransancin madafa wanda yake watsa mana ko ba mu tambaya ba. Amma abin da Allah ya ba shi na gaske murya ce. Ni tela ne, na ji masu waƙa iri-iri suna wucewa ta bakin rumfata, ban taɓa jin kamar tasa ba.

Muryar nan a gidan bori ta girma. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwarta Gwaggo Ajuma ta ɗauke shi, ita kuwa babbar ƴar bori ce. Tun yana shekara bakwai yake zama kusa da mai goge yana yi wa iskoki kirari. Da ya yi hankali sai ya kama salla da gaske, ya zauna gaban malam da gemunsa ya koyi karatu, ya daina taka gidan da ya tashi. Gidan Gwaggo yana bayan masallacin unguwarmu, fili ɗaya ne tsakaninsu, amma shekara ashirin Jibo yana zagaye filin nan. In sun haɗu a hanya zai durƙusa ya gaishe ta, ya tashi da sauri kamar ya bar tukunya a wuta.

Buri ɗaya gare shi a duniya: ya zama ladan. Tsohon ladaninmu ya tsufa, in ya kira salla sai na kusa da shi su gaya wa na nesa. Limaminmu, Malam Mahamadu, ya kira Jibo gefe ya ce in watan azumi ya kama shi zai karɓa, amma ya riƙe bakinsa tukuna. Ni kaɗai Jibo ya gaya wa, shi ma don zai fashe ne in bai gaya wa wani ba.

Ana nan sai ga tanderu.

Ga yadda aka yi. Matar Baturen, wadda kowa ke ce wa Madam, ta zaga ƙauyuka ta ga mata suna gasa tukwane da kashin shanu da kara, sai tausayi ya kama ta. Ta ce za ta koya musu ginin tukwane. Matan da kakanninsu ke gina randa tun ba a san akwai wata Faransa ba, ka ji fa! Ta rubuta takarda ƙasarsu a aiko mata da tanderun gasa tukwane irin nasu. Tanderu ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, wata goma sha huɗu yana hanya. Ranar da ya iso, Madam ta yi wata biyar da komawa gida, zafin bazara ya kore ta. Aka jingine shi a bayan madafa tare da wasu tulunan ƙarfe biyu masu shuɗin fenti, ko sau ɗaya ba a kunna shi ba.

Da aka canza wa Baturen gari, ya kira Jibo ya yi masa jawabi mai tsawo kan amana, ya ce ga tanderu nan ya ba shi kyauta. Gaskiyar magana ba direban da ya yarda ya sake ɗaukarsa. Jibo ya ce mersi har sau uku, ya dawo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

Ƙarti goma sha biyu suka kinkimo shi da azara da igiya. Ya fi mutum tsayi, faɗinsa kamar rumbun tsaba, da ƙofar ƙarfe da mariƙi. Sai da aka rushe katangar gidan kafin ya shiga. Unguwa ta taru kallo, Jibo ya tsaya kusa da kayansa yana gyara hula. Wani ya leƙa ƙarƙashi ya tambaya ta ina ake sa itace.

"Ba ya cin itace," in ji Jibo. "Gaz yake ci."

"Mi ne ne gaz?"

Jibo ya duba sama, ya duba ƙasa, ya rasa sunan abin da Hausa. Ya dafa tulun ƙarfe ɗaya ya ce, "Iska ce. Tana nan ciki a kulle."

A wani gari da maganar ta wuce. Amma nan ƙasar Arewa ce, cibiyar bori, inda in ka ce iska ba wanda zai fara tuna wadda ke kaɗa ganye. Wata tsohuwa ta matso, ta ce ana ganinta da ido? Jibo ya ce a'a, ba a ganinta. Tana magana? Ya ce in an buɗe mata baki tana huci. Ana jin zuwanta? Ya ce ƙwarai, tana da wari. To in an rufe mutum da ita a ɗaki fa? Ya ce sai ta kayar da shi, in ba a yi sauri ba ma ta kashe shi. In an yi mata ba daidai ba? Ya ce ai sai ta tashi da gidan gaba ɗaya da wuta. Ina bayansa ina taka masa ƙafa, shi kuwa gogan yana jin daɗin yadda ake sauraronsa.

Tsohuwar ta ce, "Daga ina ta fito?"

"Daga Faransa."

Ta tafa hannu. "Wuta, huci, ga ta Nasara. Jama'a, ai Babule ce!"

Babule su ne iskokin Nasara, masu hawa mutum ya riƙa fareti yana wasa da garwashi. Kowa a Arewa ya san su. Abin haushin shi ne Jibo bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma kowace gaskiya da ya faɗa ƙara ɗaure shi ta yi.

Kwana uku ba a yi ba aka fara samun kaya a gindin tanderun, tunda katanga a rushe take kowa na iya shiga. Farin goro, karan taba sigari, ƴar kwalbar turare, ƙwai. Matarsa Shatu kuwa ƙwan kawai take kwashewa ta soya. Jibo ya tsaya a ƙofar gida yana yi wa mata bayani cewa iskar da yake nufi ba waccan iskar ba ce, wannan irin ta numfashi ce amma mai kama wuta. Suka ce to, Allah ya ba ta haƙuri, suka ajiye abin da suka kawo suka tafi.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Mahamadu ya ce Jibo ya tsaya. Ina ɗaure takalmi, na ɗaure shi a hankali don in ji.

"Jibo, ni na san ƙarfe ne," in ji liman. "Na je Yamai, na ga Nasara na dafa abinci da irinsa. Amma ladan ba muryarsa kaɗai ake bi ba, har gidansa ake dubawa. Ba zan sa mutumin da ake kai wa ƙwai ya kira mutane salla ba. Ka fitar da abin nan kafin a ga wata."

"Allah gafarta Malam, zan fitar."

Saura kwana goma sha tara.

Na ce masa a ɗauke shi a jefar a bayan dutse. Muka nemi ƙartin da suka kawo shi, ashe jakin ɗaya daga cikinsu ya mutu a makon, duk suka ce ko hannu ba za su ƙara sawa ba. Na ce to a buɗe tulunan iskar ta fice a huta. Maganar ta fita, maƙwabta suka zo har da dattawa suna roƙo, wai in ya sake ta a tsakiyar unguwa wa za ta hau? Shi kansa Jibo yana tsoro, don duk rufin unguwar ciyawa ne. Saura hanya ɗaya, a sayar, mai saye ya san yadda zai yi da kayansa.

Muka fara da Habsatu, wadda ta fi kowa iya ginin tukwane a kasuwar Dutsi. Ita ba ta da tsoro, ta zo da zanenta duk yumɓu, ta buɗe ƙofar tanderun ta zura kai. Jibo ya shiga talla: ba hayaƙi, ba toka, ba ruwanki da damina, tukunya ta fito sumul kamar farantin Nasara. Ta auna bakin ƙofar da hannu, ta auna cikin.

"Randa ba ta shiga," in ji ta. "Tulu huɗu, in an matsa biyar. Ni in na haɗa wuta a matoya, tukwane sittin nake kwashewa da safe."

"Amma dubi tsabta."

"Wa ya taɓa mayar mini da tukunya don ta yi baƙi? A wuta za a ɗora ta fa. To iskar taka, in ta ƙare?"

Jibo ya ce sai a aika Yamai, in babu a can sai bakin teku.

"Shanun maƙwabcina Ɗanbaba kullum suna kasayar mini da tawa a bayan gida, ban taɓa aikawa ko'ina ba." Ta ƙara dubansa sama da ƙasa, ta ce Madam ɗin nan tana da kirki, Allah ya kai ta gida lafiya. Ta ɗauki goro ɗaya daga na gindin tanderun ta jefa a baki ta fita.

Mai burodin gari, wani Bazabarme, ya so shi sosai har ya fara tayawa. Washegari ya aiko cewa masu sayen burodinsa sun ce in iska ta gasa, iska ta ci. Maƙeri ya zo zai yanka ya yi fartanya, ya ƙwanƙwasa ya ji ashe bulo ne sanye da rigar ƙarfe, ya yi tsaki. Jibo ya rage kuɗi, ya ƙara ragewa, ya ce a ɗauka kyauta, har ya ce zai ƙara wa mai ɗauka tunkiya. Nan ne mutane suka tabbata abin ya fi ƙarfinsa. Ya rame, ya daina Faransanci, ni ma da nake tsokanarsa kullum sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Saura kwana huɗu sai ga Gwaggo Ajuma da sandarta. Ba ta taɓa shiga gidan ba sai ran nan. Shatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama, ta zagaya tanderun sau ɗaya tana dubawa.

"An ce kana sayarwa."

"Eh, Inna," in ji Jibo, kansa a ƙasa.

"Na saya. Karsana zan ba ka, ja, ba ta taɓa haihuwa ba. Ina da mutanen da za su ɗauka, su ba su jin tsoro."

Jibo ya ɗago kai, fuskarsa ta washe. Ta ɗaga masa hannu.

"Sai dai iska ba akuya ba ce da za a ja ta da igiya. Mai ita shi ka sallamar ta. Ka kira ta, ka yi mata kirari, ka raka ta da baki har sabon gidanta. In ba haka ba ƙarfen kaɗai munka ɗauka, ita tana nan wurinka, kuma kowa zai san tana nan."

"Inna, wallahi ba iska ba ce. Iska ce!"

"To mi na ce?"

Na juya baya don kar ta ga ina dariya, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba. Da ya gaya mata maganar ladanci a lokacin, wataƙila da labarin ya canza. Amma ina! Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kunyar gidanta, ta yaya zai ce mata saboda masallaci yake gudunta? Ya ce zai yi shawara. Ta ce ya yi, karsana ba ta sauri.

Shawararsa ita ce a yi ranar kasuwa da hantsi, lokacin da unguwa ta watse. Zai yi ƙasa-ƙasa da murya, kalma biyu uku, tafiyar ba ta da nisa, kafin kowa ya ankara an gama. Na ce masa wannan dabarar ba ta yi mini ba. Ya ce in ina da wadda ta fi ta in kawo, ni kuwa ba ni da ita.

Ranar ta zo. Mutanen Gwaggo suka ɗaura azara suka ɗaga tanderun, mata biyu suka ɗauki tulunan ƙarfen a ka an lulluɓe su da jan ƙyalle. Jibo ya tsaya gaba yana gumi. Ya fara gunguni, ko ni da ke kusa ba na ji. Sai wani tsoho da ban lura da shi ba ya zaro goge daga cikin riga ya ja sau ɗaya.

Wayyo Jibo. Na ga wuyansa ya miƙe. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma abin da aka zuba maka tun kana shekara bakwai ba ya neman izininka. Muryar ta fito gaba ɗayanta.

"Ɗiyar Faransa mai gidan ƙarfe! Mai wuta ba hayaƙi, mai huci ba baki! Kin ƙetare teku ba ki jiƙe ba, tashi mu je, baƙuwa, an yi miki shimfiɗa!"

Nan take yake ƙirƙirarsa, kalma na bin kalma. Tsigar jikina ta tashi, ni da na san abin da ke cikin tulun. Masu tafiya kasuwa suka juyo. Waɗanda suka riga suka isa suka bar kayansu suka dawo. Wani tsohon soja ya ƙame a tsakiyar hanya ya fara fareti yana kumfa, mata suka ɗauki guɗa. Tafiyar da ba ta kai a tauna goro ba ta ci har rana ta take tsaka, kuma ba wata hanya zuwa gidan Gwaggo da wannan kaya sai ta gefen masallaci. Malam Mahamadu yana zaune a inuwa da tasbaha. Ya bi mu da ido har muka wuce. Gwaggo tana tafe a baya da sandarta, hawaye na bin fuskarta, na ɗauka na bori ne.

Da la'asar Jibo ya yi wanka ya sa farar riga ya tafi masallaci. Bayan an sallame ya matsa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, na fitar."

"Na gani," in ji liman. "Na kuma ji. Duk garin ya ji." Ya ja tasbaha. "Ban taɓa sanin muryar taka ta kai haka ba, Jibo. Amma yanzu in ka ce Allahu akbar, rabin unguwar nan goge za su jira."

Da aka ga wata, Rabo mai gyaran fitila aka ba ladanci. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai in ya ɗaga murya awaki na amsawa. Jibo bai yi gardama ba. Ya ɗaure karsanarsa, ya gyara katangarsa, kullum yana sahun farko. Ko ni bai ƙara yi wa maganar ba.

Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Ran goma ga azumi da yamma na rufe rumfa na nufi gidan Gwaggo, wai zan gaishe ta, amma da faɗa na je. Na zata zan tarar da tanderun a tsakar gida ana yi masa turare. Sai na gan shi a bayan ɗaki kusa da turken awaki, an shanya barkono a kansa. Tulunan na kwance a gefe, ko jan ƙyallen an cire.

Na ce, "Gwaggo, ina iskar?"

"Wace iska?" Tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara hamsin ina wanga aiki, Maikano. In akwai wani abu a wuri, tun daga ƙofa nake ji. Babu kowa cikin ƙarfen nan."

"To me ya sa kika ba da karsana? Me ya sa kika sa shi kirari a gaban duniya?"

Ta ajiye faifan. "Ni na goya shi. Shekara ashirin ban ji muryar ɗana ba sai ina kwana Inna, sai an jima Inna. Na tsufa. Na ce in ji ta sau ɗaya kafin a rufe ni, ko da karsana ce."

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na gaya mata duka: alkawarin liman, kwana goma sha taran, abin da aka ce masa bayan la'asar. Na nuna mata filin da hannu. Na ce, "Ga masallacin can, Gwaggo, ko tari aka yi kina ji daga nan. Da kin ɗauke ƙarfen nan shiru, da sau biyar za ki riƙa jin shi kowace rana, kina zaune a kan tabarmarki, har ƙarshen ranki."

Ta dube ni. Ta dubi filin.

Muna nan a haka aka fara kiran magariba. Ta karkata kai ta saurara har aka kai tsakiya.

"Wane ne wanga?"

Na ce Rabo ne.

Ta jawo faifan ta ɗora a cinya, amma ba ta taɓa waken ba. Ta ce in tashi in je in sha ruwa, kar in rasa salla.